Amsar Wasiƙunku: Na Ƙara Wa Motata Rediyo Da Fitila, Sai Wutarta Ta Rikice

A wannan shafi muke kawo muku amsoshin da muka bayar a rediyo, a rubuce, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko ya ba yaro ya karanta masa.

A wannan mako wasiƙu uku muka haɗa, don kuwa duk kukansu ɗaya ne, kuma daga yanki ɗaya suka fito. Ta farko daga Kuki ce ta ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, ta biyu daga Kurfi, ta uku kuma daga cikin garin Dutsin-Ma. Kowannensu cewa ya yi motarsa lafiyarta lau, sai da ya ƙara mata wani abu mai cin wuta, daga nan ta fara ba shi wahala. To ai kun ga rabin amsar tana cikin tambayar. Duk motar da wutarta ta rikice bayan an ƙara mata wani abu, daga wannan abin ake fara bincike, tun kafin a kashe ko sisi wajen sayen sabon batir.

Yadda wutar mota take

Kafin mu shiga wasiƙun, bari mu ɗan yi shimfiɗa. Masu noman rani a bakin dam ɗin Zobe za su fi kowa saurin ganewa. Batir kamar tankin ruwa ne, ajiya kawai yake yi. Altaneta, watau wannan na'ura da fambel ke juyawa, ita ce injin ban ruwa mai cika tankin, kuma ba ta aiki sai mota tana kunne. Wayoyin wuta su ne tiyo, akwai masu kauri akwai sirara. Fitila da ham da rediyo da waifa su ne fangalai masu shan ruwa. In ka ƙara fangali goma alhali injinka da tiyonka na nan yadda suke, ka san abin da zai biyo baya.

Wani abin da ya kamata a riƙe shi ne, wuta zagaye take yi. Takan fita daga kan batir mai alamar tarawa (+), ta bi waya zuwa fitila, kana ta koma kan mai alamar debewa (−) ta cikin ƙarfen jikin motar. Shi ya sa kowace na'ura ke da wayar da ake ɗaure wa a jikin ƙarfe. Bari mu kira ta wayar bodi.

Ma'auni uku ne za ku riƙa ji. Bolt shi ne ƙarfin turin wutar, kuma ƙananan motoci bolt 12 ne. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana cikin waya. Wat kuwa shi ne yawan cin da na'ura ke yi. Lissafin na 'yan firamare ne: raba wat da 12, sai ka sami amfiya. Abu mai wat 60 yana jan amfiya 5 ke nan.

Su waɗanda suka ƙera mota sun auna komai gwargwadon bukatar zamaninsu. Ɗauki Fijo 504. A 1968 ta fara fitowa a Faransa, a 1975 kuma aka fara harhaɗa ta a Kaduna. Abin da aka yi wa tanadi a lokacin bai wuce fitilu da ham da waifa da ɗan ƙaramin rediyo ba. Wayar salula irin ta yanzu kuwa sai 2001 ta shigo Nijeriya. To ka ga ba wanda ya yi wa caja da amfilifaya lissafi a cikin wayarin ɗinta.

Batir yana kwana, ba ya tashi

Mai wasiƙarmu ta farko daga Kuki yana da a-kori-kura 504 da yake ɗaukar hatsi zuwa kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma. Ya ce bayan kaka ya sa mata rediyo mai cin memori, da amfilifaya da babbar lasifika a bayan kujera. Tun daga nan kullum da safe sai an tura. Ya sayi sabon batir, mako biyu aka koma gidan jiya. Yana tambaya, ko jabun batir aka sayar masa?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Da wuya laifin batir ne, an bar jaki ne ana dukan taiki. Alamu sun nuna akwai abin da ke shan wuta cikin dare bayan ka zare makulli.

Galibin rediyoyin da ake sayarwa a kasuwa suna da wayoyin wuta uku a baya. Rawaya tana zuwa inda wuta ba ta yankewa, don rediyon ya riƙe agogo da tashoshi, kuma cinta ɗan mitsitsi ne. Ja tana zuwa inda wuta ke zuwa sai an murɗa makulli. Baƙa ita ce wayar bodi. Akwai kuma wata siririya shuɗiya mai ratsin fari, ita ce ke gaya wa amfilifaya ta tashi ko ta kwanta. Mai gaggawa sai ya murɗe ja da rawaya wuri guda ya kai su inda wuta ba ta yankewa, ko ya haɗa shuɗiyar kai tsaye da batir. Shi ke nan, amfilifaya ta daina barci. Ba ka jin sauti, amma tana nan tana ci.

Duba jikin batirinka, za ka ga an rubuta wani abu kamar 60Ah ko 75Ah. Wannan shi ne girman tankin. A ce amfilifayar tana jan amfiya 1 kacal. Daga magariba zuwa wayewar gari, awa 12, ta sha 12 daga cikin 60. In motar ta yi kwana biyu a ajiye ta sha 48. Me ya rage na tayar da inji? Ga shi tafiyarka gajeriya ce, altaneta ba ta samun isasshen lokacin mayar da abin da aka sha. Daɗin daɗawa, batirin mota ba ya jure a riƙa tsotse shi ƙarƙaf. In an yi masa haka sau da yawa sai ya daina riƙe caji har abada, balle ga zafin bazara na ƙasar Katsina da ke rage masa kwana. Saboda haka in ba ka toshe ɓarakar ba, sabon ma zai bi tsohon.

Ga yadda za ka gane da kanka. Da farko zare makulli ka kunna rediyon. In ya kama, ko ka ga 'yar fitilar amfilifayar tana ci, to ka kama ɓarawon. In ba ka ga haka ba, sai a yi gwajin ƙwai. Kashe komai, rufe ƙofofi don fitilar ciki ta mutu, kwance kan batir mai alamar debewa. Nemi ƙaramin ƙwan fitila mai bolt 12 da aka sa wa waya biyu, ka ɗora ɗaya a kan batir, ɗaya a kan igiyar da ka kwance. In ƙwan ya kama sosai, akwai mai shan wuta. Sai yaronka ya riƙe, kai kuma ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya kana mayarwa. Wanda ka zare ƙwan ya mutu, a layinsa matsalar take. In ka zare duka bai mutu ba, to ko an ja wayar wani abu kai tsaye daga batir ba ta bi ta fis ba, ko kuwa altanetar ce da kanta ta lalace daga ciki tana mayar da wuta baya.

Wannan gwaji na tsofaffin motoci ne irin taka. Mota mai kwamfuta sai da mita, kuma sai an jira kamar rabin awa ta gama kwanciya. Lafiyayyar mota a ajiye ba ta cika wuce amfiya 0.05 ba. Kada kuma a murɗa makulli don tayar da inji alhali mitar tana tsakani, nan take za ta ƙone.

Maganin mai sauƙi ne: a raba ja da rawaya, kowace ta koma wurinta, shuɗiyar kuma ta fito daga bayan rediyo. Masu Golf su lura, a motocin Volkswagen da yawa gurbin waɗannan wayoyi biyu a juye yake. In rediyonka yana manta tashoshi duk sanda ka kashe mota, musanya su kawai za a yi.

Fis yana ta ƙonewa

Wasiƙa ta biyu daga wani direban haya ce a Kurfi, mai jan Golf tsakanin Katsina da Dutsin-Ma. Ya ce saboda yana son ya riƙa hango hanya da nisa in dare ya kama shi, ya cire ƙwayayen fitilar gaba ya sa masu wat 100, ya kuma ƙara wasu fitilu biyu a kan bamba. Fis ya riƙa ƙonewa. Wani yaro a gareji ya naɗa masa waya a gurbin fis ɗin, fitila ta zauna. Amma yanzu yana jin warin roba, kuma makunnin fitilar yana zafi.

Direba, don Allah kada ka sake ɗaukar fasinja da dare sai ka cire wannan wayar. Wannan warin da kake ji, rigar wayoyin motarka ce ke narkewa.

Fis siririn ƙarfe ne da aka yi shi da gangan don ya fi kowa rauni a layin. In wuta ta wuce kima sai ya narke, ya yanke ta, ya mutu a madadin wayarin ɗin mota baki ɗaya. Ƙonewarsa saƙo ne yake ba ka cewa kaya sun yi yawa, ko kuwa wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Wanda ya sa waya ko takardar gwangwanin kwalin sigari a gurbinsa, kamar wanda ya kori mai gadi ne don yana yawan tada shi daga barci. Haka ma wanda ya cire mai lamba 10 ya sa mai lamba 30.

Mu yi lissafi. Ƙwan da motarka ta zo da shi wat 55 ne a ƙaramar fitila, 60 a babba. Guda biyu masu 55 sun zama wat 110, watau amfiya 9 da ɗan ɗori. Guda biyu masu 100 sun zama wat 200, kusan amfiya 17. In an ƙara na bamba biyu masu wat 55 a layin, an haura amfiya 25. Ga kuma abin da yawancin mutane ba su sani ba: in wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafin wayar sau huɗu yake ninkawa. To waya da makunnin da aka auna wa amfiya 9, yaya za su yi da wannan?

Hanyar da ta dace ita ce a sa rile. Rile ɗan ƙaramin akwati ne, makunni ne da wuta kaɗan ke kunnawa. Sai a ja sabuwar waya mai kauri daga batir, a sa mata nata fis kusa da batirin, kada ya wuce taƙi ɗaya ko biyu, ta bi ta rile zuwa fitilun. Makunnin da ke hannunka aikinsa kawai ya ba rile umarni, nauyin ba ya bi ta kansa. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, don girgizar hanya tana sa ƙarfe ya yanke ta sannu a hankali.

Fis irin na Golf, mai ƙafa biyu da gidan roba, wanda aka fara yi a Amurka a 1976, launinsa yana nuna lambarsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari 25, kore 30. Wanda ka cire, irinsa za ka mayar. Na tsohuwar Fijo wani iri ne daban, a nan lambar za ka karanta. Ka ajiye 'yan guda biyar a aljihun mota, kuɗinsu bai kai na kwanon abinci a tasha ba.

Shawararmu ta gaskiya, ka koma wa ƙwai mai 55 da 60. Mai wat 100 yana ƙona soket, yana dusashe madubin cikin fitilar. Sau da yawa rashin hasken tsohuwar mota daga dattin gilashi ne, da tsatsar mahaɗa, da rashin saiti. In an gyara waɗannan aka sa rile, za ka sha mamakin hasken. Fitilun zamani na LED ba su cin wuta sosai, amma na arahan suna watsa haske ko'ina, wasu kuma suna sa rediyo shuuu. Ka tuna akwai haƙƙin mai babur da mai amalanken shanu da ke tahowa ta gabanka. In ka kashe masa ido ya faɗo maka, hasken bai yi rana ba.

Fitila tana lumshewa, rediyo yana kuka

Na ukun wani Alhaji ne ɗan kasuwa a Dutsin-Ma, mai safarar tumatir da albasa zuwa Kano a bas. Ya sa ham mai iska irin na manyan motoci, ya kuma sa wurin cajin salula mai baki da yawa don yaransa da abokan tafiya. Ya ce in ya danna ham fitilu sai su lumshe, rediyo kuma yana wani siririn kuka da ke ƙaruwa in ya taka totur, kuma batirin ya fara sanyi.

Ranka ya daɗe Alhaji, abu biyu za a duba maka. Na farko wayar bodi. In an ɗaure ta a kan fenti ko tsatsa, ko notin ya saki, wuta ba ta samun hanyar komawa, sai ta riƙa neman hanya ta cikin wasu na'urori. A nan ne za ka ga abin al'ajabi: ka taka birki sigina ta kama, ka kunna sigina wata fitila ta riƙa ƙiftawa. Ba aljanu ba ne. A kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau. A duba babbar igiyar da ta tashi daga batir zuwa bodi, da wadda ta haɗa inji da bodi. Kukan rediyon ma yawanci daga nan ne, ko kuwa an jera wayar sauti da ta wuta wuri ɗaya. In an gyara bai daina ba, a gwada altaneta.

Na biyu, kaya ne suka fi ƙarfin jaki. Ham mai iska yana da ɗan injin hura iska da kan ja amfiya 15 zuwa 20, saboda haka dole ne ya sami nasa rile da fis. Salula ɗaya a caji ba ta cika wuce amfiya 1 ba, amma goma fa? A jikin altaneta akwai lambar iyakar abin da za ta iya bayarwa. Ta tsofaffin motoci da yawa ba ta wuce amfiya 55, ta Golf ɗin shekarun 1990 kuwa 70 ko 90. Kuma ba ta kai wannan adadi in mota tana tsaye ba a taka totur ba. Duk abin da ta gaza bayarwa, daga batir ake cikewa.

Ka sa a ɗora mita a kan batir a gabanka. Da safe kafin a tayar da mota, cikakken batir yana nuna 12.6, in 12.2 ne saura kamar rabi. In an tayar, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. Sai a kunna fitilu da fanka da duk abin da ka ƙara. In ya faɗi ƙasa da 13 ko da an ɗan taka totur, to ko fambel ya saki, ko altaneta ta gaji, ko kaya sun yi mata yawa.

Ka kuma lura da 'yar jar fitila mai hoton batir a dashbod. Ya kamata ta kama in ka murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. A tsofaffin motoci da yawa ta cikinta ne altaneta ke samun wutar farko da za ta fara aiki. In wajen cusa hannu bayan dashbod an tsinke wayarta, caji na iya tsayawa ba ka sani ba.

Akwai wata al'ada da muke roƙo a bari, ta cire kan batir alhali inji yana aiki wai don a gwada caji. Wutar takan yi tsalle ta ƙona altaneta, a motar zamani kuwa har kwamfutar da ke sarrafa injin. Kuɗin wannan kwamfuta ya sayi mita da yawa.

Abin da za a kiyaye

Ga duk mai taɓa batir: kan mai alamar debewa ake fara kwancewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. A cire zobe da agogon ƙarfe. Kada a haska da ashana ko a matso da sigari, don batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. A motocin zamani, wayoyi masu rawayan soket na jakar iskar da ke kare mutum a haɗari ne, ba a yankarsu ba a jona komai a kansu. Masu ɗaukar hatsi kuma su riƙa share mota, don ɓera yana bin tsaba ya ƙare da gwaguyar waya.

In ka ji warin roba ko ka ga hayaƙi kana tafiya, ka sauka gefe, ka kashe mota, ka fitar da mutane tukuna, a nisanta jarkar mai in akwai. Kada ka wangale bonet gaba ɗaya, iska tana ƙara wa wuta ƙarfi. In babu harshen wuta kusa da batir, ka kwance kansa. Tukunyar kashe gobara da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya, hukumar da aka kafa tun 1988, ranar irin wannan aka tanade ta. A tabbata tana da hoda a ciki kuma hannu yana kai mata.

In za ka kai mota a ƙara mata wani abu, ka tsaya a wurin, ka yi wa mai wayarin tambaya huɗu. Wat nawa abin yake ci? Ina fis ɗinsa? In na zare makulli yana mutuwa? A ina ka ɗaure wayar bodi? Gwani ba zai ji haushi ba, zai ma nuna maka da yatsa. Kada ka yarda a murɗa wayoyi da hannu a naɗe da leda, a yi dalma ko a matse da mahaɗi, sannan a rufe da baƙin tef. Wajen sayen waya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna ko a nan gida, ka sa a fere bakinta ka ga kaurin jan ƙarfen da ke ciki, don wata robar ce kawai ta yi kauri. Araha ba ta ado. Kuma ka riƙa ƙara abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka yi mako guda kana lura kafin ka ƙara wani, don in matsala ta taso ka san mai laifi.

Jama'a, kowa ya san mutuwar mota a tsakanin ƙauyuka bayan faɗuwar rana ba abin wasa ba ne a wannan yanki namu, balle da mata da yara a ciki, ko da kwandunan tumatir da ba su jiran gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya. A duba wayarin tun mota tana ƙofar gida.

Mai wasiƙarmu na Kuki, da direbanmu na Kurfi, da Alhaji na Dutsin-Ma, muna fata kun gamsu. In an yi gyaran ku rubuto ku shaida mana abin da aka tarar, domin wasu su ƙaru. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.